Cukun da Na Kai Kano

Tun da na dawo daga Kano ba ku bar ni na huta ba. A ɗakin kwana, a bakin famfo, har a layin abinci, tambayar ɗaya ce: "Sani, yaya Kano? Da gaske ne inji yana magana da inji?" Ni kuwa kun san ni, in mutum uku suka zuba mani ido sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na ce bari in rubuta maku sau ɗaya, ku karanta bi da bi, ku ƙyale ni. Abin da kuke son ji game da injuna yana ciki. Akwai kuma abin da ba ku tambaya ba, shi ma yana ciki, don na kasa raba su.

Kun san Mushe Abdu, malaminmu na lissafi a nan Damagaram, shi ya shirya tafiyar. Yana da aboki a Kano, Injiniya Lawal, mai kula da kwamfutocin wata babbar masaƙa. Ya rubuta masa cewa yana da ɗalibi mai son irin wannan aiki, shi kuwa ya amsa cewa a turo ni in yi kwana goma a hutun damina. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru da na je Belbeji neman izinin Inna.

Mu biyu ne maza a wurinta. Babbanmu Yaya Idi, shi ne ɗan fari. A shekarar fari, shekara huɗu ke nan, shi ya kora shanunmu ya yi kudu da su, har da na maƙwabta da suka ba shi amana. Ko ɗaya ba ta tsira ba, shi ma bai dawo ba. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa ɗan fari, balle yanzu. Ba ta tambayar labarinsa. In wani ya ambace shi sai ta tashi ta kama wani aiki. Idanunta kuma sun fara yana, da hannu take gane yawancin abubuwa.

Da safen da zan tafi ta kira ni ɗaki.

"Auta, zo ka ɗauki wannan."

Ƙunshi ne a cikin tsohon ƙyallenta na saƙi. Na ji ƙamshin cuku. Gero ta ba wata Buzuwa ta karɓo shi, mu da a da a gidanmu ake kyautar da nono.

"Na wa ne, Inna? Ai kin ba ni guzuri."

"In ka ga wani na gida a can, ka ba shi." Ta gyara bakin tabarma. "Ka ce masa kowa ya yi asara a shekarar nan, ba wanda ke riƙe da kowa a zuci. Ka ce masa gero ya yi kyau bana."

Da na fita na ƙirga. Falle goma sha biyu ne. Na rubuta a kaye.

Motar kasuwa ce ta kai ni Tanut. Sau biyu ta kafe a laka, sau biyu muka sauka muka tura, direba yana zaune a ciki yana ba mu umarni. Na isa da wando ya zama kalar ƙasa, na wuce kai tsaye gidan waya wurin Kawu Habu, ƙanen Inna. Shi ne ke riƙe da istanda, wato allon nan mai ramuka da igiyoyi wanda duk wayar garin ke bi ta cikinsa. In wani ya kira, Kawu ya ji wa yake nema, sai ya ɗauki igiya ya soka a ramin wancan. A gefen allon akwai wani kwali da ya cika da rubutun fensir. Mutanen da ba su da waya ne, da inda ake samunsu: wane, a tambayi mai gyaran rediyo; wane, sai ranar kasuwar Ollelewa.

"Kai, ɗan lakwal, a rijiya ka kwana?" in ji shi da ya gan ni. Bai jira amsa ba ya nuna mani wani layi a ƙasan kwalin. Sunan Yaya ne, da wata lamba.

"Shekara biyu ke nan. Damagaram ta ce mani Kano na neman Tanut. Na ji muryarsa kamar daga cikin tulu. Ya ce yana gadi, ya ce kowa lafiya? Na ce lafiya lau, kai muke jira. Sai layi ya yanke. Na roƙi mai riƙe da istandar Damagaram ta samo mani lambar da aka kira da ita. Ga ta nan, kwafe."

Na kwafe, na sake dubawa sau biyu.

"In lambar ba ta yi ba, ka ji abin da za ka yi. Ni in aka kira wanda ban san inda yake ba, ba na bin gida gida. Mai shela nake aika wa ranar kasuwa, ya faɗa kowa ya ji. Ka nemi inda mutanenmu ke taruwa, ka tsaya, ka buɗe baki. Kada ka yi mani irin taka, ka je ka laɓe kana rubuce-rubuce."

Na ce to, Kawu.

Daga Damagaram zuwa kan iyaka ba abin da ya faru sai zafi da matsi. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin dabino da kanwa, wadda ta san kowane jandarma da sunansa. Ta tambaye ni ɗan wa ne, ina za ni, na yi aure, me ke cikin ƙunshin da na rungume tun daga tasha. Kafin mu kai Matamaye ta san kome nawa, ban da maganar Yaya.

A kan iyaka na yi abin da ya ba kowa dariya. Da aka ce takardu, sai na jera nawa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya: katin ɗan ƙasa, katin lakwal, wato makaranta, takardar allura, wasiƙar Mushe Abdu, amsar Injiniya. Waɗanda ba su da ko ƙyallen takarda suka gaisa da ma'aikatan, suka yi abin da suka saba, suka koma mota. Ni aka riƙe. Ma'aikacin ya yi ta juya wasiƙar Faransanci kamar zai matso ma'anarta.

"Kai ɗan Faransa, duk wannan takardu na mene ne? Leƙen asiri za ka?"

Na ƙara tura masa wasiƙar. Sai ya kwance ƙunshin Inna, ya ɓalli cuku ya ɗanɗana, ya kira abokinsa.

Hajiya ce ta sauko daga mota tana gyara mayafi. "Haba ranka ya daɗe, abincin marayu za ka ci? Dube shi fa, ko kaza ba zai iya leƙa wa asiri ba. In cuku kake so, mako mai zuwa zan kawo maka wanda ya fi wannan."

"Hajiya, kullum mako mai zuwa."

"To ai kullum ina dawowa."

Ya yi dariya, ya zare falle uku, ya tura mani sauran. A mota Hajiya ta ce, "Ɗan nan, takarda ba ta magana. Kai ne za ka yi." Na rubuta a kaye: saura tara.

Kano ba ta yi mani maraba ba, ba ta kuma kore ni ba, ba ta ma san na zo ba. Ana gaisuwa ana tafiya. Kafin ka gama tambayar mutum gida da gajiya ya kai ƙarshen layi. Duk wanda ya ji daga inda na fito sai ya ce, "Au, Buzu ne." Na gaji da bayanin cewa mu manoman gero ne tun kakanni, na bar su. Injiniya Lawal ya sauke ni a shagon ƙofar gidansa, ɗaki mai fanka da katifa, ya fi duk inda na taɓa kwana. Matarsa tana aiko da tuwon shinkafa da miya mai iyo da manja, kwana biyu cikina yana ƙorafi. Burodinsu zaƙi gare shi kamar alewa. Shayi kuwa a babban kofi ake zuba shi da madara, a kurɓe a tashi, ba zama ba hira. Na yi kewar fura mai tsami wadda ba a sa mata sukari ba.

Yanzu ga abin da kuke ta tambaya.

Ɗakin injunan sanyi gare shi kamar randa, kuma sai an tuɓe takalmi a ƙofa. Injiniya mutum ne mai saurin magana, kowace jimla sai ya rufe ta da "ka gane ko?" Abu na farko da ya nuna mani wani kebul ne rawaya mai kauri da ya bi ta cikin rufi. Kwamfutocin duk a jikinsa suke rataye, kamar maruƙa a dangwali. Kwamfutoci in an haɗa su haka, su ne netwok, abin da Mushe Abdu ke ce wa rezo. Kowace tana da lambarta tun daga inda aka ƙera ta, ba biyu masu iri ɗaya, ita ce adireshinta. Saƙo kuma ba a tura shi dunƙule. Yanka shi ake yi ƙananan ƙunshi, fakiti suke cewa, a rubuta wa kowane adireshin mai aikowa da na mai karɓa.

"In ƙunshin ba shi da adireshi fa?" na tambaya.

"Wane irin ƙunshi ne ba adireshi? Ai ba inda za shi. Ka gane ko?"

Na ce na gane. Nawa yana can ƙarƙashin katifa.

Ya ce tun da kebul ɗaya ne, ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Kowace sai ta saurara tukuna, in ta ji shiru ta yi tata. In biyu suka fara tare, an yi karo ke nan, duka sai su ja baki, kowace ta ɗan jira, sannan ta sake gwadawa. Na ce a raina, ashe a duk Kano injuna ne kaɗai ke jira wani ya gama magana.

Sai ya kai ni gaban abin da yake alfahari da shi, wani akwatin ƙarfe mai ƙofofi huɗu a baya, kowace da kebul ɗinta: na sito, na masaƙa, na ofishin manaja, na ɗakin da muke. Da injuna suka yi yawa karo ya yi yawa, shi ne aka raba kebul ɗin gida huɗu aka sa akwatin a tsakiya. Ya ce masu ƙera shi gada suke ce masa, wasu su ce siwic, shi kuwa akwatin rabo yake kiransa. Ƙunshi in ya zo, sai ya duba adireshi ya fitar da shi ta ƙofar mai shi kaɗai, sauran ba su ma san an yi ba.

"Kamar istanda," na ce.

"Yauwa! Amma wannan ba ya tafiya salla, ba ya sauraren hirar mutane."

Ya yi dariya. Ban yi ba, na tuna Kawu. A ranar na cika shafi shida.

Da yamma na yi ƙarfin hali na ba Injiniya lambar, na ce wani ɗan garinmu nake nema. Ban ce wana ba ne. Ya buga daga ofishinsa. Wani sito ne na fatu da ƙiraga. Wanda ya ɗauka ya ce, "Idi? Mai gadi? Malam, ka san Buzaye nawa suka yi gadi a nan?" Ya ajiye. Washegari na taka da ƙafa har can. Mai gadin da na tarar mutumin Agadas ne, bai san Yaya ba, amma ya ce duk ɗan yankinmu na Damargu da ke gadi a Kano, ranar Juma'a bayan an sauko yana wurin Ilu mai shayi, gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, a bayan masallaci.

Ranar Juma'a na saka ƙunshin a jaka na tafi. Sun kai mutum talatin a kan tabarmi. Abin da ban zata ba, kusan dukansu da rawani, an rufe fuska sai ido. Daga baya na ji dalili: masu gida a Kano sun fi yarda da mai gadi mai rawani da takobi, shi ya sa har manoman Falanko da ba su taɓa naɗi ba suka koya. Ilu dattijo ne siriri, yana dafa shayi irin na gida a ƙananan kofuna. Da na yi sallama duk suka juyo.

"Maraba da baƙo. Daga ina?" in ji Ilu.

"Belbeji."

"Madalla, ɗan gida ne. Wa kake nema?"

Ido sittin a kaina. Kuma a cikin wannan ɗan lokaci na yi wa kaina lissafi mai kyau, irin wanda na iya: in na kira sunan Yaya a nan, a gaban mutanen da suka san labarin shanun, ai na tona masa asiri. Gara in bi a hankali, in tambayi mutum ɗaya ɗaya. Lissafin ya yi mani daɗi ƙwarai, don ya ba ni izinin yin shiru.

"Ba kowa," na ce. "Gaisuwa kawai na zo."

Aka ba ni shayi. Na sha na fari, na sha na biyu, na sha na uku, ina satar kallon idanu, na yi godiya na tafi.

Mako guda na yi ina bin ƙofa ƙofa. Da safe ina ɗakin sanyi, da la'asar ina unguwar masana'antu da ta masu kuɗi. Na zana taswira a kaye, kowace ƙofa na je sai in sa mata alama. Wani ya ce bai sani ba. Wani ya ce akwai Idi amma na Gure ne. Wani ya sakar mani kare. Wani ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In ma na sani, kai wane ne?" Ƙofa arba'in da ɗaya. Aiki mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya a cikinsa, ba kuma amfani.

Ranar Laraba na tambayi Injiniya abin da ke damuna game da akwatin: wa ya gaya masa wace kwamfuta ce a wace ƙofa?

"Ba kowa. Sauraro yake yi. Duk wadda ta yi magana, sai ya duba adireshin mai aikowa ya rubuta a jadawalinsa: wance tana ƙofa ta biyu. Daga bakinta yake sanin inda take."

"In ta daɗe ba ta yi magana ba fa?"

"Minti biyar, ya goge ta. Wa zai riƙe wa bebe wuri? Wataƙila ma an ɗauke ta an kai wani ofis."

Na tuna layin fensir a ƙasan kwalin Kawu, shekara biyu ba a goge ba.

"To in saƙo ya zo wa wadda ba ta cikin jadawali?"

"Shela yake yi. Ya tura ta duk ƙofofi a lokaci guda. Mai shi in ta ji ta amsa, shi ke nan ya san inda take. Ba ya tsayawa jin kunya, Malam Sani. Ka gane ko?"

Na zo tun daga Damargu, na tsallake iyaka, na tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin sanyi, don akwatin ƙarfe ya maimaita mani abin da Kawu ya gaya mani kyauta a Tanut.

Juma'a ta biyu ita ce ranata ta ƙarshe, Asabar da safe zan hau mota. Na rubuta abin da zan faɗa na haddace. Da na isa gindin bedin ban zauna ba, don na san in na zauna ba zan tashi ba.

"Jama'a, salamu alaikum. Ni Sani ne, ɗan marigayi Malam Haruna na Belbeji. Wana nake nema, Idi. Innarmu ce ta aiko ni. Ta ce kowa ya yi asara a shekarar nan, ba wanda ke riƙe da kowa a zuci. Ta ce gero ya yi kyau bana."

Muryata tana rawa kamar ta akuya. Ba wanda ya yi dariya. Ba kuma wanda ya amsa. Wani tsoho ya ce, "Allah sarki." Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da kofinsa. Na ga ashe ba asirin Yaya kaɗai ba ne, rabin mutanen wurin labarinsu ke nan. Ilu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Bar saƙon a nan. In Allah ya sa mai shi ya biyo, zai samu." Na ba shi ƙunshin, na yage takarda na rubuta masa kwatancen gidan Injiniya da kyakkyawan rubutu, har da taswira. Na koma na zauna a ƙofar shago har aka kira magariba. Ba wanda ya zo.

Da safe a tasha, na riga na shiga mota, sai na ji ana buga gilashi. Ilu ne, ya bar tukunyarsa ya zo. Na sauko. Ya miƙo mani ƙyallen Inna, an ninke shi, ba kome a ciki. A kusurwa ɗaya an yi ƙulli. Ƙullin dabaibayi ne, amma a juye, bakin igiyar ya fita ta hagu. Yaya bahago ne. Tun ina ƙarami duk garken Belbeji ana gane ɗaurinsa.

"Ina yake, Baba?"

"Ya tafi. Jiya bayan la'asar ya biyo yi mani sallama, motarsu tana jira. Wasu masu aikin hanya ne suka ɗauke shi gadi, can kudu."

"Kudu ina?"

"Bai faɗa ba, ban tambaya ba." Ya gyara hularsa. "Na gaya masa abin da ka ce, kalma kalma. Ya zauna a ƙasa. Ya ci falle ɗaya, sauran ya zuba a aljihu. Na ba shi takardarka, ya juya ta, ya ce wannan rubutun Auta ne? Ni ban iya boko ba, shi bai iya ba, ga direba yana ta oda. Ya sa ta a aljihu ita ma."

"Me ya sa ba ku gaya mani kun san shi ba?"

"Mu a nan ba mu nuna mutum sai ya yarda. Kuma ai na tambaye ka." Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma da fushin ne. "Waccan Juma'ar yana nan. Ga ka, ga shi, tabarma ɗaya tsakaninku. Ya gane ka tun daga sallama. Da na ce wa kake nema, na ga ya ajiye kofinsa. Kai kuma ka ce ba kowa."

Direba ya ce a shiga. Na shiga.

Ban san yadda muka wuce iyaka ba. Na miƙa kati ɗaya, ba wanda ya dube ni. A Tanut na gaya wa Kawu kome, ban rage ba. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi. Bai yi ba. Ya ɗauki kwalin, ya goge lambar da ɗan yatsa da miyau, ya bar sunan. A gabansa ya rubuta: kudu. Ya ce an gaya masu za a kawo injin da ke haɗa waya da kansa, ba igiya ba mutum. "In ya zo, ka tambaye shi inda zai rubuta wannan." Allon ya yi ƙara, ya juya ya ce, "Tanut na ji."

Na isa Belbeji gero ya yi kai, ya fi ni tsawo. Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi masu masaukina, ta ce na rame. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ajiye ƙyallen a kan cinyarta. Ta shafa shi daga wannan baki zuwa wancan. Da yatsunta suka kai kan ƙullin suka tsaya. Ta bi shi a hankali, ta bi bakin da ya fita ta hagu, ta sake bi.

"An ci?" ta ce.

"An ci, Inna."

"An ji saƙon?"

"An ji."

Ta jira. Na san abin da take jira, ta kuma san ba za ta tambaya ba. Ni da na tsaya a gaban mutum talatin a Kano, na kasa gaya wa mace ɗaya cewa ɗanta ya ajiye kofi yana jira in kira shi, na ce ba kowa. Har yau ban gaya mata ba. Bayan Kawu, ku ne na fara gaya wa.

Ba ta kwance ƙullin ba. Ta ɗaura ƙyallen a bakin zanenta, ta jawo ƙwaryar wake.

"Je ka wanke ƙafa, Auta," ta ce. "Akwai fura."

Shafi ashirin da uku na kawo a kan netwok, duk an ja masu layi da jan biro. Wanda yake so ya zo ya kwafa, ba kuskure a ciki. Amma kada wanda ya sake tambayata yaya Kano.